Shekarar da Gunta Ya Manta Hausa

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2007

Dakta Murja ta ce in riƙa rubuta abin da nake gani kullum, don ta san yadda ciwon yake tafiya. Shi ya sa na sayi wannan littafin a kasuwar Karu. Amma na san halina, ba abin da za ta karanta kaɗai zan rubuta ba.

To. Mijina ne, Gunta. Shekararsa saba'in da uku. Bajamushe ne, amma ya yi shekara ashirin da shida a Abuja, ashirin da biyu daga ciki muna tare. A takarda Günter ne. Masu aiki a ƙarƙashinsa suka mai da shi Gunta don tsokana, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Ciwon mantuwa. Ni Lucia da na yi shekara talatin ina aikin nas, na san sunan abin tun kafin dakta ta buɗe baki. So na yi wani ya ce mini ba shi ba ne.

Yau da safe ya ɗaga cokali yana kallonsa, ya faɗi wata kalma da Jamusanci. Na ce, “Cokali.” Ya ce, “Ai na sani.” Ya ture kokon, bai ƙara sha ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Ya tambaye ni ko an biya ma'aikata. Shekara takwas ke nan da ya bar aiki. Na ce an biya kowa. Hankalinsa ya kwanta.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Malam Labaran ya zo, kamar kowace Asabar. Shi ne babban bakaniken da suka yi aiki tare tun kamfanin gine-gine ya kawo Gunta ya riƙe musu gareji. Yanzu yana da nasa garejin a Apo, gemunsa ya yi fari fat, amma har yau “Oga” yake ce masa.

Suka shige rumfar baya, wurin babur ɗin. Baƙin tsohon babur ɗin nan da ya zo da shi daga ƙasarsu a jirgin ruwa. Ina wanke-wanke ina leƙensu ta taga. Abin mamaki, mutumin da ya rasa sunan cokali, ya kwance kabreta ya jera kayanta a kan tsumma, ya wanke, ya mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta saura ba. Hannun bai manta komai ba.

Da zai tafi Malam Labaran ya tsaya a bakin get. Ya ce, “Madam, yau sau uku yana ce mini Martin. Wane ne Martin?”

Ƙanensa ne. Ya mutu tun ban shiga firamare ba. Iyakar abin da na sani ke nan, wai hatsari.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Bayan coci na sauko da akwatin hotuna, dakta ta ce yana taimakawa. Ni ya fi taimaka wa, ko kuma ni ya fi ɓata wa rai, ban sani ba.

Ga shi yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, siriri kamar sanda, da hular ƙarfe da tabarau a goshi. Tseren babur yake yi a lokacin, gari gari, har ƙasashen da ke maƙwabtaka da su. Akwai hoton da ya ɗaga kofi sama. Akwai na babur mai ƙafa uku, irin wanda ake haɗa masa wurin zaman mutum a gefe, shi yana tuƙi, wani ya kwanto jikinsa waje har kafaɗarsa na neman taɓa ƙasa. Daga nan hotunan tsere suka ƙare. Sai na farar riga a masana'antar motoci, irin motocin nan masu kujera biyu da masu kuɗi suke gudu da su. Shekara goma sha bakwai yana injiniya a can. Sai Abuja, yana tsaye kusa da katafila, bayansa daji.

Ya sha ba ni labarin lokacin. Wai titi ne shimfiɗe, sabo fil, ba mota ko ɗaya, sai matan Gwari da kaya a kafaɗa. Ran Lahadi ya hau babur ya buɗe masa wuta daga Garki har inda kwalta ta ƙare. A haka ya ƙona ƙafarsa da salansa, aka kawo shi kilinik ɗin kamfani, na wanke ciwon ina masa faɗa da Hausa, na ɗauka ba ya ji. Ya bari na gama tas, ya ce, “Sista, ki yi haƙuri, ba zan ƙara ba.” Na so ƙasa ta tsage.

Babana ya yi wata uku ba ya mini magana da na kai Gunta garinmu Zonkwa. Daga baya Gunta ya gyara musu injin niƙa na unguwa, shi ke nan ya zama surukin gari.

Yau ya kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan na babur mai ƙafa uku ya kife shi a cinyarsa. Yana ta maimaita wata magana. Na rubuta yadda kunnena ya ji: maina shult, maina shult.

Talata, 27 ga Fabrairu

Na ɓoye makullin babur a cikin buhun shinkafa.

Hausarsa tana zubewa. Turancin ma ya fara. Rabin abin da ya faɗa yau ban gane ba, na dai riƙa gyaɗa kai. Shekara ashirin da biyu, me ya hana ni koyon yarensa? Shi ne ya ce ba amfani, ai ya zo nan ke nan.

Alhamis, 8 ga Maris



Na tsallaka gidan Zulai maƙwabciyata karɓo canjin gas, ban yi minti goma sha biyar ba. Ina cikin tsakar gidanta na ji ƙarar babur ɗin. Babu mai irin wannan ƙarar a duk Karu. Kafin in fito da gudu ya sha kwana. Makulli yana nan cikin shinkafa. Wayoyi ya haɗa.

Na kira Malam Labaran, ya baro aiki ya zo da motarsa. Muka fara ta Mararaba, muka maƙale a cunkoso, ina kuka ina leƙa kowane kwalbati. Can ya buga sitiyari ya ce, “Madam, ba nan ba ne. In mun gyara mota a da, hanyar Gwagwalada muke kai ta gwaji.” Muka juya.

Tun bara aka hana 'yan acaɓa shiga cikin gari, don haka duk wanda muka tambaya ya gan shi. Bature, tsoho, a kan babur, ba hula. Wani ɗan sanda ya ce ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗago masa ya wuce. Mai sayar da lemo a Giri ta ce kamar iska.

Sai wajen la'asar muka same shi, a Paikon Kore. Mai ne ya ƙare masa, ya sauka gefen titi, yashi ya kwashe shi. Wani manomi, Yamusa, shi ya ɗauke shi ya kai shi gindin mangwaro, ya ɗaure masa gwiwa da ƙyalle, matarsa ta ba shi kunu. Fuskarsa ta yi jawur da rana, leɓe ya tsage. Yamusa ya ce, “Mama, tun azahar yake mana surutu, ba mu ji ko ɗaya ba. Amma mutumin kirki ne, yana ta dariya.”

Dariyar ce ta fi ci mini rai. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin Kirsimeti. Ya ga Malam Labaran ya miƙe da ɗingishi ya rungume shi, Martin, Martin. Ni ya miƙo mini hannu muka gaisa.

Juma'a, 9 ga Maris

Ba karaya. Ɗinki huɗu. Dakta Murja ta rufe ƙofa ta ce, “Anti Lucia, yau shi ya faɗi. Gobe ɗan wani zai kaɗe.” Gaskiya ta faɗa.

Laraba, 14 ga Maris

Malam Labaran ya cire fulogi da wani abu a injin babur ran Asabar, ya tafi da su a aljihu. Jiya Gunta ya tono wasu a tsohon akwatin kayan aikinsa. Ina dafa miya na ji injin ya tashi.

Yau aka zo da akori-kura aka kwashe babur ɗin zuwa Apo, lokacin yana barcin rana. Ya farka ya tarar da rumfa wayam. Ya duba bayan gida, ya duba ƙarƙashin mangwaro, har cikin bandaki ya leƙa. Sannan ya zo kicin ya tsaya a kaina yana ihu da Jamusanci. Kalma ɗaya ya samo da Hausa. Ɓarauniya.

Na kama hannunsa in zaunar da shi. Ya hankaɗe ni. Na bugu da bakin tebur, wuyan hannuna ya kumbura.

Mutumin da ko ƙadangare ya shigo ɗaki sai ya kama shi da tawul ya fitar.

Na ce wa Zulai santsi ne ya kwashe ni. Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta je ta ɗebo ƙanƙara a firjinta.

Asabar, 24 ga Maris

Na kira Katrin. 'Yarsa ce ta wurin matarsa ta fari, tana can Jamus, shekararta talatin da tara. Sau biyu muka taɓa haɗuwa. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa sakin jiki da ni ba. Ni ban haihu ba. Da na haihu da wataƙila ba ita zan kira ba.

Na yi ta kwana-kwana, ita kuwa ta ce, “Lucia, ya dake ki ne?” Haka kai tsaye, da sunana tsirara. Na ce a'a. Ta ce tana zuwa.

Litinin, 2 ga Afrilu

Ta iso. Doguwa kamar ubanta, hancin ma nasa ne.

Bai gane ta ba. Amma tana buɗe baki da Jamusanci sai ya miƙe zaune kamar an kunna masa wuta. Suka yi ta magana, awa biyu, yana kwatance da hannu, tana dariya tana share ido. Na kawo shayi. Na kawo biskit. Na rasa abin da zan ƙara kawowa, na koma kicin na zauna a kan turmi.

Ashe ba maganar ce ta ƙare masa ba. Mai ji ne babu.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Na nuna wa Katrin abin da na rubuta ran 18 ga Fabrairu, na karanta mata yadda na ji. Ta ce ma'anarsa, laifina ne.

Muna zaune a baranda, yana ciki yana barcin rana. Ta ba ni labarin da mijina bai taɓa ba ni ba.

Martin ne a wancan hoton, wanda ya kwanto waje. A irin wannan tseren mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na jefa nauyin jikinsa dama da hagu don kada babur ya kife a kwana. Shekara shida suna yi tare, wa da ƙane. A 1963, da safen wani tsere, Gunta ya sake saita birki da hannunsa don an yi ruwa. A zagaye na huɗu suka shiga kwana, babur ya kife. Shi ya karye a cinya. Martin ko asibiti bai kai ba. Shekararsa ashirin da huɗu.

Aka yi bincike aka ce ba birki ba ne, mai ne wani babur ya zubar a titi. Bai yarda ba. Uwarsu ma ba ta yarda ba, har ta mutu ba ta ƙara zama tebur ɗaya da shi ba. Bai sake tsere ba. Ya shiga masana'antar motoci, ya ce a sa shi ɓangaren birki, a nan ya yi shekara goma sha bakwai. Katrin ta ce tana yarinya ba ta san uba ba sai bayansa, yana sunkuye a kan zane. Uwarta ta gaji ta tafi. Da aka ce ana neman mai riƙe gareji a wani gari da ba a gama ginawa ba a Afirka, shi ya fara sa hannu.

Ina ji ina tuna ƙaramar motata. Kowace Asabar ta duniya sai ya shiga ƙarƙashinta ya duba birki kafin ya bar ni in je ko kasuwa. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Na sha ba mata labari a zumuntar mata ta coci muna dariya.

Na ce mata, me ya sa bai gaya mini ba? Ta ce, “Ina jin wurinki ne kaɗai ba shi ne wanda ya kashe Martin ba.”

Ban san ko in gode mata ba.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Ista. Mun je Mas a coci mu uku. Ya zauna lafiya. Mata suna ta zuwa gaishe da Katrin, “'yarmu, 'yarmu,” ita kuma ta rasa yadda za ta yi da hannunta.

Da yamma Katrin ta kawo maganar. Akwai gidan kula da masu irin ciwonsa kusa da ita a Jamus, masu aikin duk yarensa suke yi. Na ce mata ko kusa. Na ce shekara ashirin da biyu ina nan, ke kina ina? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, ranar tashin Ubangiji guda.

Talata, 10 ga Afrilu

Kwana nawa yana ƙin abinci, yana ture mini hannu. Na ɗauka ciwon ne. Na rubuta wa dakta haka ma, wai ya fara ƙin ci. Yau ya yi wata magana a tebur, Katrin ta ajiye cokali ta ce, “Haƙori ne. Ya ce tun tuni yake gaya miki.”

Na buɗe bakinsa da tocila. Dasashi ya kumbura, ya tara ruwa. Ya fi sati biyu a haka, ko makaho ya gani.

Shekara talatin ina nas. Mijina yana gaya mini inda ke masa ciwo, ni ina gyaɗa kai.

An cire haƙorin. A mota muna dawowa, bakinsa cike da auduga, ya taɓa kafaɗata ya ce da Turanci, a hankali, da ladabi, “Sista, matata za ta zo?” Na ce za ta zo. Ya ce, “Tana da faɗa, amma tana da kirki.”

Juma'a, 13 ga Afrilu

Ruwan farko. Ya tsaya a baranda ya miƙa hannu.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Na ce wa Katrin ta fara shirya takardu.

Malam Labaran na fara gaya wa, kafin 'yan'uwana ma. Na same shi a garejinsa, babur ɗin yana can lungu an lulluɓe shi da tamfol. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma.

Ya ce, “Madam, a gabana ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya ce in ya mutu a maƙabartar Gudu za a sa shi, kusa da mutanen da suka gina garin nan. Ke ma kina wurin.”

Na ce ina wurin.

“To don me? In hannu ne ya yi miki kaɗan, ga matana, ga ni. Mu ba ma kai tsoho gidan ajiya.”

Na ce, Malam, ko mu ɗari ne a kansa, akwai mai jin abin da yake faɗa a cikinmu?

Ya ce lokacin sallah ya yi. Shekara ashirin da biyar da saninmu, yau ne ya fara barina a tsaye bai raka ni mota ba.

Na je wurin Fada, limamin cocinmu. Ya ce in yi abin da ƙauna ta ce. Ƙaunar ce ai take faɗar abu biyu.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Na gwada tambayarsa da kansa. Na zaunar da shi, na riƙe hannunsa, na yi da Hausa, na yi da Turanci, Katrin ta yi da Jamusanci. Ina kake so ka zauna? Ya dube mu, ya ce, “Gida.” Da Hausa ya faɗa.

Katrin ta kalle ni. Ni ma na kalle ta. Ba wadda ta tambaye shi wanne.

Laraba, 2 ga Mayu

Sun tafi.

Mun shirya zan bi su a Agusta in yi wata uku. Ba a kwana da majinyaci a can, ɗakin Katrin kuma ƙarami ne, sai ta nemo mini wuri. Haka dai muka ce.

Na ɗauka Malam Labaran ba zai zo ba. Wajen ƙarfe biyar sai ga shi da babbar riga, kamar ranar Juma'a. Bai gaishe ni sosai ba. Ya ja Katrin gefe suka yi ƙus-ƙus, tana faɗa yana maimaitawa. Sannan ya je ya durƙusa a gaban kujerar Gunta, dattijo da shi, ya kama gwiwoyinsa. Gunta ya ce, “Martin.” Shi kuma ya faɗi abin da aka koya masa. Daga baya Katrin ta ce mini shi ya roƙa, wai yaya ake cewa ba laifinka ba ne.

Sai dai Jamusancin ya fito a karkace. Gunta ya karkata kai, ya ce ya sake. Ya sake. Sai Gunta ya fashe da dariya, yana gyara masa kalma ɗaya, yana nuna masa yadda ake murɗa leɓe. Malam Labaran yana maimaitawa, hawaye na bin gemunsa. Ko ya ji ma'anar, ko sautin kawai ya ji, Allah ne ya sani.

Na sa masa suwaita a jaka, da man zafi, da yajin da yake so. Katrin ta ce ba za a bari a shiga da yajin ba. Na ce ta gwada.

Na filin jirgi ba zan rubuta ba.

Lahadi, 13 ga Mayu

Na kira. Aka kai masa waya. Na ce, “Gunta, ni ce Lusi.” Ya yi magana mai tsawo, muryarsa garau, daga ƙarshe ya ce danke, ya miƙa wa wani. Wannan kalmar kam na san ta. Na gode.

Katrin ta ce ya ƙara ƙiba. Wai akwai wani tsoho a can da ya taɓa kallon tserensa, suna zama tare.

Na yi murna. Na rubuta don in gani a rubuce.

Talata, 29 ga Mayu

Gari ya cika da jiniya, ana rantsar da sabuwar gwamnati. Ban fita ba. Na dafa shinkafar mutum biyu, na kai wa Zulai rabi.

Asabar, 16 ga Yuni

Malam Labaran ya zo, karo na farko tun tafiyar. Ya zauna a baranda, ya sha ruwa, muka yi maganar damina. Ya tambayi Oga. Da zai tafi ya ce, “Madam, kawo makullin motarki.” Ya shiga ƙarƙashinta da babbar rigarsa. Ban hana shi ba.

Alhamis, 9 ga Agusta

Ran Litinin ya kamata in tashi. Na ce wa Katrin sai Oktoba.

Ba ƙarya na yi mata ba. Ƙaramin asibitin cocinmu na Masaka ba su da mai karɓar haihuwa tun Yuli, sista mai kula da wurin ta roƙe ni in riƙe musu kwana uku a mako kafin su samu. Ba yadda za a yi in bar su a tsakiyar damina. Kuma can ma an ce Oktoba bai yi sanyi sosai ba. Katrin ta ce ba komai, ba ya tambaya. Ta yi saurin cewa ba haka take nufi ba. Na ce na gane.

Yau wata yarinya ta haifi tagwaye, na biyun ya zo ta ƙafa. Na yi gumi, amma duk suna lafiya. Kakar ta rungume ni har ta kusa kayar da ni. Da na fito ruwa ya tsuge, na fake a rumfar wata mai gasa masara, muka yi ta hira da mutanen da ban sani ba. Na ci biyu. Sai da aka ɗauke na tuna motata tana nan kusa, da na so da tuni na isa gida.

Ban sayi katin waya ba wannan satin. Zan saya gobe.

Ina yanka albasa ɗazu na ji wani yana waƙa a kicin. Ni ce. Ba kowa a gidan, amma na yi shiru.